Rigar Kofur Bawa a Jikin Mai Itace

A gidanmu na zangon Sokode ba a fara tatsuniya sai an ɗora tukunyar sabulu. Kakata, wadda kowa ke kira Iya Mai Sabulu, ita ke dafa sabulun salo da matan unguwa ke wanka da shi, har matan Kotokoli daga can cikin gari sukan aiko a saya musu. Aiki ne da ba ya son gaggawa. Da an idar da magariba an ci tuwo, sai ta tace ruwan toka, ta zuba man kaɗe, ta hura wuta ƙasa-ƙasa, ta kifa turmi ta zauna da muciya a hannu. Mu jikoki mu kewaye murhu, kowa da gutsuren doyarsa yana turawa cikin garwashi. Zamanin Faransa ne, kumandan, baturen mulki, yana can bisa tudu da masu gadinsa, amma a rumfar nan ba mai hukunci sai Iya. Wanda ya yi surutu, sai ta ƙwanƙwasa gefen tukunya da muciya, shi ke nan, ko sauro sai ya rage murya.

Ni ce mai zama daf da ƙafarta. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "uwata". In na yi rashin ji ta ce, "Uwata, da kin san wadda kika ci sunanta, da kin ji kunya." In na yi abin kirki kuma ta ce ai jini ne, ba wayona ba.

Tatsuniyoyinta na kura da zomo da 'yan ruwa suna da yawa, wasu na riƙe, wasu sun bi ruwa. Amma akwai labari guda da ba ta cika bayarwa ba, sai in marka ta kama, ruwa yana zuba bisa jinka, ba mai fita. Ranar da za ta ba da shi muna ganewa, domin ba ta buɗe shi yadda take buɗe sauran. Sai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce:

"Ku gyara zama. Na yau yana da kabari, kuma na san inda kabarin yake."

Labarin yayanta ne, Bawa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ubansu falke ne, goro yake ɗaukowa daga Gwanja da jakuna. A wata tafiya uwarsu ta kwanta ciwo wajen Pagala, ba ta tashi ba. Iya a lokacin ba a daɗe da yaye ta ba, kuma ba wata mace a ayarin. Bawa yana ɗan saurayi, sai ya ɗauki zanen uwar ya goya ƙanwarsa, ya ɗaura majanyi yadda ya ga mata na yi. Fatake suka yi ta masa dariya, suna kiransa uwar goyo. Bai kula su ba. A bayansa ta iso Sokode.

Da ya zama mutum ya kama fataucin kansa. Wata shekara ya kora jakuna zuwa Jugu, can ƙasar Dahome, daidai lokacin da Faransa ke kamun samari don babban yaƙinsu da Jamus. A cikin kasuwa suka kama shi. Jakuna suka dawo gida da abokan tafiya, shi bai dawo ba. Aka shekara, aka sake shekara, har ubansu ya fid da rai ya mutu da baƙin cikin. Sai ga shi wata rana a ƙofar gida, yana ɗingishi, sanyin ƙasar Turawa ya cinye masa yatsun ƙafa. Yana sanye da wata doguwar riga mai kauri, mai maɓallan ƙarfe, da wata lamba mai kintinkiri a ƙirji. Faransa suna ce masa kaporal, mu kuma Kofur. Bai daɗe a Sokode ba ya haura arewa, Dapaong, wadda mu muke kira Dapango. Can ya kafa teburin goro, ya yi aure, ya haifi ɗa, Isifu.

Ba mai magana ba ne. In an tambaye shi labarin yaƙi sai ya ce akwai sanyi, ya miƙa wa mutum goronsa. Iya kaɗai ya taɓa faɗa wa, kuma sau ɗaya, ranar da take gasa masa ƙafar da ruwan zafi. Ya ce a cikin ramuka suke kwana, laka har cinya, sama tana zubo wani farin abu kamar auduga, igwa kuma ba ta hutawa. Wata rana baturensu, yaro ne ko gemu bai fito masa ba, harsashi ya same shi ya faɗi a fili tsakanin su da abokan gaba. Duk wanda ya miƙe tsaye don ya saɓo shi a kafaɗa, sai a harbe shi. Bawa ya ja ciki ya isa wurinsa, ya kwance jar ɗamarar da sojoji ke naɗawa a kugu, ya mirgino yaron bisa bayansa, ya ƙulla ɗaya a ƙirji ɗaya a kwankwaso. Hannuwansa biyu suka zauna ba kaya, ya dawo da rarrafe. Baturen yana kuka yana kiran uwarsa, shi kuma yana jijjiga shi yana rarrashi. Dalilin lambar ke nan.

In Iya ta zo nan sai ta daina juya sabulu, ta buga ƙirji da muciyar ta ce, "A kaina ya koya. Ni ce farkon goyonsa. Bature na biyu ne."

Shekaru suka tafi. Wata damina direban kamiyo, babbar motar kaya, ya tsaya a ƙofar gidanmu da saƙo: Kofur Bawa ya rasu. Iya ta sauke tukunya sabulun bai nuna ba, ta ɗaure ƙunshinta. Hanya ta lalace, a Mango kogi ya cika sai da suka yi jiran jirgin fito. Kafin ta isa an yi jana'iza, an yi sadakar uku, 'yan zaman makoki har sun fara raguwa.

Ta ce mana duk tsawon hanyar abu ɗaya ke cin ranta. Tsararrakin yayanta sun ƙare. Samarin zangon Dapango ba su san wani Kofur ba, abin da suka sani shi ne Gurgu Mai Goro. In aka yi sadakar arba'in aka watse a haka, to, gurgu mai goro aka binne, kuma haka za a riƙa faɗa har abada. Sai ta ƙudura a ranta cewa ranar arba'in za ta rataye rigar nan a bangon zaure, lambar tana kallon jama'a, duk wanda ya shigo ya tambaya, a faɗa masa.

Ta gaisa da matar mamacin, suka yi kuka suka share hawaye, sannan ta ce a kawo mata akwatin Yaya. Aka kawo. Ba komai a ciki sai warin kafur.

Isifu ya durƙusa ya yi mata bayani. Ranar uku an raba tufafin Baba sadaka, kamar yadda ake yi wa kowane mamaci. Malamai sun karɓi manyan riguna, ladan ya karɓi rawani, wanda ya yi wankan gawa ya karɓi bargo. Rigar nan ce ta rage ba mai so, kowa ya ɗaga ta sai ya ajiye, wai rigar Nasara ce, ba a salla da ita, ga nauyi. Sai ga Lare, wani tsoho ɗan ƙabilar Moba da ke kawo musu itace tun Isifu yana yaro, wanda kuma shi ya saro itatuwan da aka rufe kabarin da su. Isifu ya ga tsohon yana rawar sanyi cikin ruwa, ya miƙa masa. Lambar fa? Ya ce shi ya ɗauka wani irin maɓalli ne.

Iya ta ce ta daɗe tana kallon ɗan yayanta. Ta so ta zage shi, amma ta rasa abin zagi. Yaron bai yi komai ba sai abin da aka koya masa, kuma uban bai taɓa buɗe baki ya gaya masa ko mene ne a akwatin ba.

Isifu ya ce abin mai sauƙi ne, gobe zai kai wa Lare sabuwar riga ya karɓo tsohuwar. Iya ta ce a dakata, a tambayi liman tukuna. Liman ya saurare su, ya shafa gemu, ya ce abin da aka bayar sadaka ya fita hannun mai shi, ladansa ya riga ya isa wurin mamaci. A komo a karɓe, ko da musaya, ba kyau. In sun matsa ba zai riƙe musu hannu ba, amma su sani daga kabarin suke zarowa.

Washegari ta yafa mayafi ta tafi kasuwa ita kaɗai. Ta ce har ta isa ba ta san abin da za ta yi ba. Daga nesa ta hango rigar. Tana tsaye a gindin wata bishiya kusa da dammunan itace, baya ya ɗan ranƙwafa, ƙafa ba takalmi. Ta ce da ba don ta san an binne shi ba, da ta kira Yaya.

Lare ɗan ƙaramin tsoho ne, rigar ta kusa share masa ƙasa, ya naɗe hannuwanta ya ɗaure kugu da igiya. Ya gane ta, domin kama ba ta ɓuya. Ya yi mata ta'aziyya da Hausarsa ta kasuwa, wadda ba ta raba mace da namiji. Ya ce rigan ya yi kyau, tun da ya sa shi tari ya bar shi. Sai ya lura da inda idonta ya tsaya. Ya kai hannu ya fara ɓalle maɓalli.

"In kana so, karɓa," in ji shi. "Na yayanka ne."

Iya ta ce a nan ne zuciyarta ta rabu biyu. Ga riga an miƙo mata, ba ta roƙa ba, ba wanda zai ce ta roƙa. Amma ta ga ƙasusuwan ƙirjin tsohon a inda rigar ta buɗe, ta kuma tuna maganar liman. Ta kama hannunsa ta mayar da maɓallin da kanta.

"Taka ce," ta ce masa. "Amma ba a sa ta haka kawai. Zauna ka ji ta wane ne."

Ta zauna bisa damin itacensa, a tsakiyar kasuwa, ta ba shi labarin tun daga Pagala har ramukan laka. Masu sayen itace suka zo suka tafi bai kula su ba. Da ta gama ya ce ta maimaita wurin ƙullin, ɗaya a ina, ɗaya a ina. Ta maimaita. Kafin ta tashi ta ce masa ranar arba'in ya zo, da rigar a jikinsa.

Daga nan ta nemi gidan wani da ake kira Saja Duti, babban tsofaffin sojojin garin. Ya san Kofur, sukan haɗu ranar da kumandan ke tara su gaban tuta, amma ba rundunarsu ɗaya ba, kuma shi ma bai taɓa jin dalilin lambar ba. Abin da ya sani shi ne, irin wannan lamba duk sojan da ya gan ta sai ya tsaya ya sara mata. Iya ta ce to, lambar tana nan, ranar arba'in za ta zo zaure, in suna da kunya su zo.

Magana ta bazu a zango. Wasu dattawa suka aiko mata cewa ba a taɓa yi ba: mutumin da ba ya salla, cikin rigar Nasara, a wurin addu'ar Musulmi. Ta ce a koma a gaya musu, lokacin da yake sare itatuwan da aka jera bisa gawar ba wanda ya tambaye shi salla, kuma itatuwan suna nan kwance tare da mamacin, in akwai mai son cire su ya je ya tone. Ba wanda ya sake aikowa. Liman ya ce a shimfiɗa wa Lare tabarma a gefe, gindin bishiyar ƙofar gida.

Ranar ta zo. Maza suka cika ƙofar gida, mata muna, wato suna, cikin gida bayan zana. Kun ga, na ji labarin har ina sa kaina a ciki. Iya ta sami wata ɓula a zanar ta kafa ido. An raba goro da masa, malamai sun fara karatu, Lare yana zaune a gefe shi kaɗai, ba mai kallonsa. Can sai ga tsofaffin sojojin sun ɓullo daga kan hanya, 'yan kaɗan ne, wani da sanda, wani ido ɗaya, sun jeru suna taka ƙasa tare iyakar iyawarsu. Ba su nufi wurin malamai ba, ba su nufi wurin Isifu ba. Gaban mai itace suka tsaya. Saja Duti ya daka tsawa da Faransanci, suka ƙame, suka sara.

Karatu ya tsaya. Lare ya tsorata, ya yunƙura zai gudu, rigar ta harɗe masa ƙafa. Wani matashi ya tambaya da ƙarfi, me mai itace ya yi da sojoji ke sara masa. Saja ya ce ba shi suke sara wa ba, abin da ke ƙirjinsa ne, kuma na Kofur Bawa ne. Aka ce me Kofur ya yi ya same shi? Saja ya ce wannan kam bai sani ba.

Iya ta ƙara kafa ido a ɓular zanar. Ita kaɗai ta sani a gidan, ga shi mace ba ta ɗaga murya a taron maza ranar addu'a. Sai ta ga Lare ya miƙe, ya gyara igiyar kugunsa.

"Ni na sani," in ji shi. "Ƙanwansa ya faɗa mini."

Ya ba da labarin tsaye, da karyayyar Hausarsa, yana nunawa da jiki. Da ya zo wurin goyo ya sunkuya ya kai hannu baya kamar mace mai ɗaura majanyi, ya ce ƙulli ɗaya nan, ɗaya nan. Samari suka fashe da dariya. Bai tsaya ba. Ya durƙusa ya yi rarrafe cikin ƙasa, da tsufansa, yana jijjiga bayansa yana rarrashin baturen da ba ya nan. Dariya ta ɗauke. Isifu ya ja hularsa ya rufe fuska. Liman ya bari sai da tsohon ya koma tabarmarsa, sannan ya ɗaga hannu ya ce a yi wa Kofur Bawa Fatiha. Da sunan Kofur ya kira shi, kowa ya ji.

"Guɗa ta taho mini har maƙogwaro," in ji Iya. "Na haɗiye ta, don gidan makoki ne. Har yau tana nan, ba ta sauka ba."

A nan take tsayawa. Ta ɗebo sabulu a bakin muciya ta murza tsakanin yatsu, ta ce ya nuna, kowa ya kwashi doyarsa ya ba ta wuri.

Ina yarinya ban yarda da Iya ba, kuma na faɗa mata a fuska. Na ce da ni ce, da na karɓi rigar lokacin da aka miƙo, mu ajiye a gidanmu, abin kakanmu ne. Ta ce, "Uwata, a akwati ta shekara nawa, ɗan cikinsa ma bai san ta ba?" Amma a zuciya ban sauka ba. Ni mutum ce mai son abin gidanmu ya zauna a gidanmu, har yanzu haka nake.

Allah da ikonsa, a Dapango na yi aure. Lokacin Iya ta rasu, Lare ya rasu, Isifu ya kwashe iyalinsa ya koma kudu. Na tambayi labarin rigar aka ce ta daɗe da yagewa, lambar kuma ba wanda ya san inda ta shiga. Na ce a raina, ga abin da nake gudu, ba riga ba lamba, an yi asara. Na daɗe ina jin haushin abin, in na tuna.

Wata rana na je sayen itace wurin wata mata Moba, tsarata, mai goyo. Ta ji harshena ta ce daga ina, na ce Sokode. Sai fuskarta ta washe. Ta ce ai su ma suna da kaka mutumin Sokode, babban soja, Kofur Bawa. Na ajiye kwandona. Ta ba ni labarin tana jera itace: ramuka, laka, jar ɗamara. A bakinta baturen ya zama babban hafsa, harsashi kuma yana sauka a bayan Kofur yana zubewa kamar tsakuwa. Ta ce kakanta Lare ne ya gaji rigarsa, kuma a gidansu duk yaron da aka haifa sai an ba shi labarin nan, in yarinya ta fara koyon goyo a ce mata ta ƙulla irin na Kofur.

Maganganu sun taru a bakina. Na so in ce mata ba hafsa ba ne, yaro ne. Na so in ce ba gado ba ne, sadaka ce, kuma jinin nan da take taƙama da shi a jikina yake gudu. Na dube ta, na ga yadda take faɗin sunansa da ƙirji a buɗe, a gaban mutane, ba wanda ya sa ta. Abin da kakata ta hau kamiyo cikin damina tana nema ke nan, ga shi a bakin wadda ba ta taɓa ganinta ba.

Na ce mata, "Ni jikar ƙanwarsa ce. Wadda ya fara goyawa."

Ta saki itacen hannunta, ta dafa kafaɗata tana kiran matan da ke kusa su zo su ga 'yar'uwarta daga Sokode. Ta cika mini kwando, ta ƙara gyara, ta sake ƙarawa, har sai da na kasa ɗauka. Ta kwance goyonta ta miƙo mini yaron, ta ɗora kwandon a kanta, ta ce in wuce gaba in nuna mata gida.